Ba a Koyon Iyo a Tudu: Wa Zai Biya wa Ɗaliban Harsuna Kuɗin Tafiya?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muka taru a zauren gidanmu kamar yadda muka saba in wata hidima ta taso. Wannan karon ba biki ba ne, ba kuma jinya ba. 'Yar yayana ce da ke aji uku a jami'a tana karanta Faransanci, lokacin tafiyarsu Ƙauyen Faransanci da ke Badagry ta jihar Legas ya zo, inda ake kai ɗaliban aji uku su zauna cikin harshen, kuma da aka haɗa kuɗin rajista da na masauki da na mota da na abinci, sai lissafin ya fi ƙarfin albashin ubanta. Aka ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa.

Ana cikin haka wani baffanmu, mutum mai rufin asiri daidai gwargwado, ya gyara zama ya ce, "Ni fa ban gane ba. Yarinya ta shekara biyu tana koyon yaren nan a aji, yanzu kuma sai an kai ta bakin teku kafin ta iya? To malaman nata aikin me suke yi? Kuma in ta gama, Faransancin za ta dafa ta ci?"

Aka yi dariya. Ni dai na sunkuyar da kai, don ba a ja-in-ja da baffa a gaban yara. Amma maganar ta tsaya mini a wuya har na kwanta, saboda na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba. Masu tsara kasafin kuɗin ilimi a ƙasar nan da yawansu haka suke gani, sai dai su ba sa faɗa a zaure, a takarda suke aikatawa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: tafiyar da ɗalibin harshe yake yi zuwa inda ake magana da harshen, ita ce ɗakin gwaje-gwajensa. Yadda ba a cewa iyayen ɗalibin likitanci su haɗa kuɗi su gina asibitin koyarwa, haka bai kamata a bar wa iyayen ɗalibin Faransanci ko Larabci nauyin wannan tafiya su kaɗai ba. Gwamnati da jami'o'i su ware mata kaso nata na kanta a kasafi, a riƙa biya kan lokaci, ita da tafiyar malaman da ke koyar da harsunan.

Yadda muka zo nan

A da, ɗalibin Faransanci a jami'ar Najeriya in ya kai aji uku, ƙetare iyaka yake yi ya shekara. Wasu Faransa, wasu Togo, wasu Senegal ko Kwaddibuwa. Ɗaliban Larabci su ma akan tura su ƙasashen Larabawa. Abin ma ya girmi jami'o'in: tun a 1954 gwamnatin Jihar Arewa ta tura wasu matasan malamai kwalejin horar da malamai ta Bakht ar-Ruda a Sudan, cikinsu har da marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi.

Da tsarin tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, tura ɗalibai waje ya gagara. Sai aka ce tunda ba za mu iya zuwa rafi ba, bari mu haƙa rijiya a gida. Aka kafa Ƙauyen Faransanci a Ajara, Badagry, a 1991, aka kafa Ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Borno a 1992, cikin Larabawan Shuwa, dab da iyakar Kamaru.

Dabara ce mai kyau a lokacinta, kuma ma'aikatan wuraren suna iya bakin ƙoƙarinsu. Amma mu tuna cewa tun asali maganin wucin gadi ne na rashin kuɗi. Na Ngala ma rikicin Boko Haram ya tashe shi, ya koma gudanar da aikinsa a Maiduguri. Shugabannin na Badagry kuwa sun sha kokawa a jaridu cewa an bar su a baya wajen cin gajiyar TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Wato an rage tafiyar daga ƙetare zuwa cikin gida, sannan ta cikin gidan ma an bar ta tana ɗingishi.

Abin dariya, a tsakiyar wannan ne, a 1996, Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, lokacin da ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da mu. Aka shigar da shi cikin manufar ilimi ta ƙasa, aka ce dole ne a makarantu. Shiga kowace makarantar gwamnati a ƙaramar hukumarku ka tambayi malamin Faransanci. In ka same shi, ka gaishe mini da shi.

"To a aji me ake koya musu?"

Wannan ita ce tambayar baffa ta farko, kuma amsarta na nan a cikin gidanmu.

Dukkanmu mun shekara goma sha biyu muna koyon Turanci daga firamare zuwa sakandare. Mutum nawa ne a cikinmu za su iya tsayawa su yi ciniki da shi ba tare da harshe ya sarƙe ba? Amma ɗan uwanmu da ya tafi Legas sayar da tumatir a Mile 12, bai cika shekara ba ya dawo yana Yarbanci har da barkwanci. Inyamurin da ke sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, wane aji ya shiga ya koyi Hausar da yake zolayarka da ita?

Aji yana ba ka nahawu, ya ba ka rubutu, ya ba ka adabi. Waɗannan ba a samunsu a tasha, shi ya sa ɗan tumatir ɗinmu ba zai iya fassara takardar yarjejeniya ba. Amma kunne da baki ba sa buɗewa sai ka shiga inda in ba ka yi magana ba za ka kwana da yunwa. Sai mai kanti ya yi maka magana da sauri ka kasa ganewa, ka ji kunya, gobe ka dawo ka gane rabi. Sai ka yi zazzaɓi ka yi wa ma'aikaciyar jinya bayanin inda ke maka ciwo.

Na san mutanen da suka haddace ƙa'idojin nahawun Larabci tsaf, suna iya warware i'irabin baiti mai wuya, amma da suka sauka Jidda direban tasi ya yi musu magana sai suka tsaya suna kallonsa. Ba laifinsu ba ne, ba kuma laifin malamansu ba. Ba a taɓa jefa su cikin ruwan ba.

Kuma ba sabon abu nake nema ba. Tun 1973 hukumar horas da ma'aikatan masana'antu, ITF, ta ƙirƙiro tsarin SIWES, wanda ɗaliban injiniya da kimiyya da aikin gona ke fita su yi watanni a masana'antu, gwamnatin tarayya kuma tana ba su ɗan alawus, ko da bai taka kara ya karya ba kuma yakan makara. Ma'ana an riga an yarda cewa akwai ilimin da ba ya cika sai an fita aji, kuma gwamnati na da haƙƙi a wannan fitar. Me ya sa ɗalibin harshe ne kaɗai fitarsa ta zama son rai?

"Babu kuɗi"

Wannan hujja ba ƙarya ba ce, kuma ba zan raina ta ba. Kafin watan Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai, don haka duk faɗuwar da naira ta yi, sefa tashi take. Dubu ɗaya ta sefa, jikka ɗaya a bakin 'yan uwanmu na Nijar, a 2025 ta haura naira dubu biyu. Jami'o'inmu wasu kuɗin wutar lantarki ma na neman durƙusar da su.

A wannan yanayi ne TETFund ya dakatar da ɗaukar nauyin malaman jami'a zuwa karatu a ƙasashen waje daga farkon 2025. A watan Afrilun shekarar kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin tallafin karatu na yarjejeniya tsakanin ƙasashe, wanda ke kai yaranmu Rasha da Maroko da Aljeriya da Chana da Hangari da sauransu. Hujjarsa ita ce yawancin abin da ake zuwa karantawa akwai shi a gida.

A kan darussa da yawa, yana da gaskiya. Babu dalilin da za a kashe dala a tura yaro ƙetare ya karanta abin da ake koyarwa a Zariya. Amma harshe shi ne darasi guda da wannan hujja ba ta hau kansa ba, domin abin da ake zuwa nema can ba manhaja ba ce, mutanen ne. Ba za ka iya ɗauko kasuwar Kwatano ka dasa a Samaru ba.

Akwai ma wata riba da wancan shiri ke kawowa wadda ba a cika lissafa ta ba. Yaron da aka tura Rasha karatun likita sai ya shekara yana koyon Rashanci kafin ya fara. Ya dawo mana likita, ya kuma dawo da harshe a kyauta. Ƙasar da Rashawa suka gina mata kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, take kuma ta maganar farfaɗo da shi shekara da shekaru, ai ba ta rasa abin yi da masu jin Rashanci ba.

Sannan maganar babu kuɗi tana da wuyar haɗiya ga wanda yake ganin ayarin da ke rakiyar manya zuwa taruka a ƙasashen waje. Guzurin kwana biyar na babban jami'i guda, da dala ake biyansa, zai riƙe ɗalibi a Lome wata da watanni. A jami'o'in ma kansu akwai kuɗin halartar taro, kuma kowa ya san yadda wasu tafiye-tafiyen suke: a karanta takarda ta minti goma sha biyar a ɗakin da bai cika mutum goma ba, sauran kwanakin a yi sayayya. Kuɗin tafiya akwai shi. Wanda ake zaɓa ya yi tafiyar ne abin dubawa.

"Ai Hausa ta ishe mu, kuma Faransa ma ta tattara kayanta"

Wannan ita ce hujjar da na fi ji a bakin mutanenmu na Arewa, kuma ita ce ta fi daɗin ji. Daga Kano ka tashi har Agadas, ka gangara Zongon Kumasi, ka leƙa Garwa da Njamena, Hausa za ta ba ka masauki da abinci. Ga shi kuma Nijar ta kori sojojin Faransa a 2023, ita da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, sannan a shekarar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To wahalar me za mu sha a kan yaren Nasara?

Na yi murna da matsayin da Hausa ta samu a Nijar, kamar kowane Bahaushe. Amma a dokar da ta ba ta wannan matsayi, an bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Takardar kwastan da Faransanci take. Hukuncin kotu, takardar fili, sakamakon gwajin asibiti, kwangila, duk da shi ake rubuta su, kuma ba a sauya wannan a dare ɗaya.

Na taɓa raka wani abokina direban babbar mota ƙetare iyaka. Aka tsayar da mu a wani shinge, aka yi ta hira da jami'in da Hausa garau, har da tambayar mutanen gida. Da aka zo rubutu sai ya juya harshe, ya cika takarda, ya miƙo biro. Abokina ya sa hannu. Sai da muka isa gari wani ɗan makaranta ya karanta mana, ashe ya amince ne da laifin da bai san an ɗora masa ba. Hausa ta kai mu har bakin teburi, a nan ta tsaya.

Faransanci a yankinmu ya daɗe da daina zama kayan Faransa. Harshen da ɗan Benin yake rubuta wa ɗan Chadi wasiƙa ne. Duk ƙasashe huɗu da muke iyaka da su ta ƙasa, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, da shi suke aikin gwamnati. Hedikwatar hukumar tafkin Chadi tana Njamena, haka ma ta rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, in an gama shi, takardun kayan da zai ɗauka da harshe biyu za a cika su. Wa zai cika namu ɓangaren?

Kuma duk wanda ya taɓa neman aiki a ECOWAS ko Tarayyar Afirka ko Bankin Raya Afirka da ke Abidjan ya san abin da ake tambaya: kana jin harshe na biyu? Ɗan Kamaru ko ɗan Togo ya zo da Faransanci da Turanci, namu ya zo da Turanci kaɗai da tarin takardun digiri. Sai mu dawo muna ƙorafin cewa mu ke zuba kuɗi mafi tsoka a ƙungiya amma wasu ke cike kujeru.

Ba Faransanci kaɗai ba. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun daɗe suna zirga-zirga zuwa birnin Guanzu na Chana, kuma da yawansu a hannun tafinta suke, wanda ba su san me yake faɗa wa mai masana'anta ba, ba su kuma san nawa ya ɗora wa kansa ba. Cibiyoyin Confucius da ke koyar da Sinanci a jami'o'inmu, ɗaya na Awka, ɗaya na Legas, kuma gwamnatin Chana ce ta kawo su don amfanin kanta. Duk shekara dubun dubatar alhazanmu na sauka Saudiyya, tsohuwa ta kwanta a asibitin Makka ta kasa faɗin abin da ke damunta.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne, waɗanda suka zo mulkarmu ba su taɓa cewa yarensu ya ishe su ba. Jami'an mulkin mallaka a Arewa sai sun ci jarrabawar Hausa ake ƙara musu girma. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Amurka, da Rasha ta riga ta harba tauraron ɗan Adam a 1957, shekara na zagayowa ta yi doka ta ware kuɗi don koyar da harsunan duniya a jami'o'inta, tana kiran abin tsaron ƙasa, kuma Hausa na cikin harsunan da suka ci gajiya a wurare irin su Wisconsin da Indiana. A Beijing ana koyar da Hausa a jami'a, a Warsaw ta Poland ma haka. Kunna rediyo ka ji 'yar Chana tana karanta labarai da Hausa mai kyau. Ba don suna son tuwo ba ne. Sun san wanda ya ji harshenka ya san abin da kake ciki, kai kuwa ba ka san nasa ba.

Na san su ma can yanzu abin ya fara ja baya. Jami'ar West Virginia da ke Amurka ta rufe digirorinta na harsunan waje a 2023 da sunan tsimi. Amma su duniya ce ke koyon yarensu. Mai ƙoshi in ya ce zai yi azumin nafila, mai yunwa ba ya kwaikwayonsa.

Wayar hannu fa?

Matasa kan ce mini, "Kawu, ai yanzu waya na fassara komai." Tana yi, ni ma ina amfani da ita, kuma ta rage wahala ƙwarai wajen karanta saƙo ko allon hanya.

Amma gwada sasanta rikicin makiyaya da manoma a bakin iyaka kana miƙa wa mutane waya. Gwada gane cewa abokin cinikinka ya ce "to" alhali yana nufin "a'a". Mu Hausawa mun fi kowa sanin cewa "sai na duba" ba alkawari ba ne, kuma kowane harshe na da irin nasa. In ma injin ya yi kuskure a takardar kwangila, sai wanda ya iya harshen ne zai gano.

Masu tafiya su ƙi dawowa

Gaskiya ne, ana yi. Yana cikin dalilan da TETFund ya bayar, kuma abin kunya ne malami ya ci kuɗin al'umma ya maƙale a can.

Sai dai masu maƙalewa a Ingila da Kanada da Amurka suke maƙalewa. Ban taɓa jin wanda aka tura Lome wata shida ya yaga fasfonsa ba. A ɗaure mai tafiya da yarjejeniya da masu tsaya masa, a biya kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'ar da za ta karɓe shi, a bi sawun wanda ya saɓa. Ba a rufe kasuwa don an kama ɓarawo a cikinta.

Namu harsunan fa?

Wannan hujja ina girmama ta. Akwai harsuna a Bauchi da Filato da Adamawa da ke mutuwa a idonmu, wasu ma Hausa ce ke haɗiye su. Cibiyar harsunan Najeriya da ke Aba ita ma ba a ƙoshe take ba. Wani zai ce gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa?

Amma wanda ya hana sashen Faransanci kuɗi, ba sashen Hausa ko Fulfulde yake miƙa wa ba. Tsangaya ɗaya suke, rufi ɗaya ke yoyo a kansu. Tunanin da ya ce harshe ba abin kashe wa kuɗi ba ne, shi ne ke kashe su duka. Kuma mai fassara littafin Hausa zuwa Larabci ko Faransanci, da mai kawo mana na can zuwa Hausa, daga waɗannan sassan biyu za su fito, dole sai sun yi aiki tare.

To ina za a tura su?

Ba Paris nake cewa ba. Wannan zamanin ya wuce, kuma ban ga dalilin dawo da shi ba.

Da farko na ɗauka amsar a bayyane take: ga Maraɗi nan, tafiyar 'yan sa'o'i daga Katsina, ga Damagaram, ga Yamai, duk da jami'o'insu. Babu biza, babu jirgi, abinci irin namu. Sai wani malamin Faransanci, abokina, ya yi dariya ya ce, "Malam, ka tura Bakano Maraɗi ya koyi Faransanci? Ai sai dai ya dawo da Hausar Katsinawan Maraɗi." Na rasa amsa, don gaskiya ya faɗa. Inda Hausa ke ba ka abinci, ba za ka wahalar da kanka da wani yare ba. Matsalar Badagry ma ke nan ta wata fuskar: da ɗalibi ya fita ƙofar ƙauyen, Yarbanci da Turancin buroka ke jiransa.

Don haka ɗan Arewa ya fi dacewa a kai shi Lome ko Kwatano ko Yawunde, inda Hausa ba za ta cece shi ba sai ya nemi zango da gangan. Ɗan kudu kuwa Yamai za ta yi masa daidai, ya dawo da Faransanci har da guzurin Hausa. Ko a raba: zango ɗaya a Badagry a gyara harshe, zango ɗaya a ƙetare. Daga Badagry zuwa iyakar Seme ai ba nisa.

Larabci ya fi wuya, tunda Sudan da ta kasance mana gida na biyu yaƙi ya cinye ta tun Afrilun 2023, kowa ya ga yadda aka kwaso ɗalibanmu daga Khartum. Amma Masar na nan, Maroko na nan, kuma akwai daɗaɗɗiyar alaƙa da Azhar da za a iya ginawa a kai. Ƙauyen Ngala kuma ya cancanci a tsaya masa ya koma mazauninsa da ƙarfinsa in tsaro ya samu.

Hanya mafi sauƙi ma ita ce musaya. Makwabtanmu na ƙishirwar Turanci fiye da yadda muke ƙishirwar Faransanci, iyaye a can na kashe kuɗi su turo 'ya'yansu Najeriya da Ghana saboda shi. Jami'a a nan ta karɓi ɗalibai talatin daga can ta ba su ɗaki da karatu, ta can ta karɓi namu talatin. Ba dala a ciki, sai kuɗin mota da na abinci. Jami'o'inmu sun iya sa hannu a takardun fahimtar juna, ana ɗaukar hoto ana musabaha. A ciro ɗaya daga cikin durowa a yi aiki da ita.

Malamai kuma su ne aka fi mantawa. Harshe kamar wuƙa yake, in ba a wasa shi yana dakushewa. Akwai malamin da ke koyar da Faransanci shekara goma sha biyar bai kwana a ƙasar da ake yinsa ba, yana koyar da abin da malaminsa ya ji a Dakar kafin a haife shi. Wata biyu a lokacin dogon hutu, duk bayan shekara uku, ba zai karya TETFund ba. In an dakatar da tura malamai digiri na uku a Ingila, to a buɗe wannan ƙaramar taga, a rubuta ta da sunanta don kada wani shugaban tsangaya ya karkatar da ita zuwa taron Dubai.

Asusun ba da rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024 shi ma zai iya sa wannan zangon cikin abin da yake biya, tunda ba a ba ɗalibi digiri sai ya yi shi. Gwamnonin jihohin da ke bakin iyaka, Sakkwato da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno da Adamawa, su ya fi kamata su fara, don su ne ke kwana su tashi da makwabtan nan. Hukumar tallafin karatu ta kowace jiha ta ɗauki nauyin 'yan ƙalilan ɗin da ke karanta harsuna, da sharaɗin su dawo su koyar shekara biyu a makarantun jihar. Ba su da yawa, abin takaicin ma ke nan.

Domin abin da ke faruwa yanzu shi ne tacewa. Ɗan mai hali ya tafi, har ya ƙara da hutu a Kwatano daga aljihun ubansa. Ɗan talaka ya jinkirta shekara, ko ya sauya sashe, ko tun farko ya ƙi zaɓar darasin don ya ji labarin aji uku. 'Ya mace kuwa nata ya ninka, don bayan kuɗi sai an shawo kan dangi su yarda ta yi nisa, kuma rashin tsayayyen tsari na hukuma shi ke ba masu cewa a'a hujja.

Mu dai a zaurenmu kuɗin ya haɗu, da kyar. Wata gwaggonmu ta sayar da tunkiya. Baffa, bayan duk abin da ya faɗa, shi ya ba da kaso mafi tsoka, ya kira yarinyar ya ce, "Ungo, 'yata. Amma in kin dawo akwai wasu takardu da mutanen Damagaram suka aiko mini tun bara a kan kuɗin wake, ke za ki karanta mini su."

Ta ce, "To, Baffa. Allah ya ƙara girma."

Jiya da asuba muka kai ta tasha. A ajinsu su goma sha ɗaya ne, ta ce mini, amma bakwai ne suka hau motar.